Shekarar da Boaz Ya Cire wa Coci Jinka

Ranar Asabar ce, makon ƙarshe na watan Maris na shekarar 1975. Tun da hantsi zafi ya danne garin Keffi, ganyen mangwaro ko motsi ba ya yi. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani har azahar bai zubar da ko ɗigo ba. A ranar ne mutanen wata 'yar coci da ke bayan Jigwada, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, suka fito gayyar jinka kamar yadda suka saba kowace shekara kafin damina.

Cocin ɗaki ɗaya ne dogo na jan ƙasa. Babu kujeru a ciki, sai dakalai na ƙasa da zama ya goge har suna sheƙi. Jinkarta ta sauko ƙasa sosai ta kowane gefe, dole dogon mutum ya sunkuya kafin ya shiga. Ranar gayya maza kan hau su sauke ruɓaɓɓiyar ciyawa su ɗaura sabuwa, wadda suka yanko ta wajen Gitata tun da rani. Mata kuma su kwaɓa ƙasa su yaɓe bango da tafin hannu, su bi daɓen da ruwan makuba, suna waƙa suna tsokanar na sama. Da yamma a zauna a sha kunun tsamiya a ƙwarya ɗaya, ba a san wane ne ma'aikacin gwamnati wane ne mai sayar da itace ba.

Ana cikin haka aka ji jiniyar tifa. Ta tsaya a gindin mangwaro, Boaz ya diro. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, wanda ya bar makaranta a aji biyar don zama wuri ɗaya ba ya yi masa. Ya taɓa ɗinki ya bari, ya taɓa facin taya ya bari, sai a tuƙi ya tsaya. Shekara uku ya yi a Kaduna yana jan tifar wani kamfanin hanya, yanzu an dawo da su aiki kusa da gida. Shekarar ce kuma da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo ko babur, siminti da kwanon rufi suka cika kasuwa.

Ya nufi ƙofar coci da wandonsa mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, ya manta bai sunkuya ba. Bakin jinka ya kwashe masa hula, ya cika masa suma da ciyawa. Mata suka kwashe da dariya.

"Maraba da mutanen Kaduna!" in ji Inna Dokas, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta riƙe shi tun da uwar ta rasu. Ita ce shugabar zumuntar mata. "Ɗana, tsawo ka ƙara ko takalmin ne ya ci amanarka?"

"Inna, ba ni na yi tsawo ba, cocinku ce ta yi gajarta."

"Cocinmu? To, kai a kamfani aka yi maka baftisma?"

Aka sake dariya. Boaz ya yi murmushi, amma abin ya zauna masa. Ya ga coci a Kaduna mai tagogin gilashi, wadda in ka yi tari a ciki sai ta amsa maka. Ya dubi tasu ya ji kunya, kamar an kama shi da tsohuwar riga.

Da aka zauna shan kunu ya miƙe ya yi magana. Ya ce wannan wahalar ta kowace shekara ta isa. Shi zai kawo kwano da siminti, yashi kuma ga tifa. A cire ciyawa, a yi wa bango filasta ciki da waje, a shafa fenti, a kira babban fasto daga Jos ya zo ya buɗe. Samari suka yi tafi.

Kowa ya juya ga Baba Malachi, mai bisharar da ya kafa cocin tun kafin a sami 'yancin kai. Tsoho ne siriri, rigunansa biyu ne, ɗaya ta gona ɗaya ta Lahadi. Shi ne mai wa'azi, shi ne kuma mai shara. Ya ajiye ludayi ya ce, "Allah ya sa albarka, ɗana. Amma bari mu ji ta bakin wanda ya ɗora bangon."

Wanda ya ɗora bangon Malam Dabo ne, magini, Musulmi, maƙwabcin coci. Duk shekara yakan zo gayya ya zauna a gefe yana gyara wa mutane aiki da baki. Ya dubi Boaz sama da ƙasa.

"Samari, jinkar nan da ta cire maka hula, aikinta ke nan. Ita ke jefa ruwa nesa da gindin bango. In za ka sa kwano, ka ba shi baki mai tsawo. Siminti kuwa kada ka kai shi jikin ƙasa. Ba sa kama juna. Ruwa zai sami hanyar shiga, ba zai sami ta fita ba."

"Malam, zamani ya wuce nan," in ji Boaz. "A Kaduna gidaje nawa na gani da filasta?"

"Ka gan su da damina uku a kansu?"

Washegari bayan sujada aka tambayi jama'a, hannuwa suka tashi, na masu goyon bayan Boaz suka fi yawa. Baba Malachi ya dube su ya ce, "To. Cocin ba tawa ba ce." Daga nan bai ƙara cewa komai a kai ba. Ranar da aka fara aiki ma shi ne ya fara ɗaukar kwanon yashi a ka.

Wata guda aka yi ana yi. Oladipo kafinta, Bayarabe mai shago a bakin kasuwa, shi ya buga rufin. Da ya zo yanke baki ya leƙo daga sama ya ce, "Oga Boaz, mu bar shi ya fito kamu biyu. Ruwan garin nan ba ya wasa."

"Yanke shi daidai. In ya sauko wa zai ga fentin?"

"Kai ne mai kaya," in ji Oladipo, ya yanke.

Da aka gama, gaskiya ta yi kyau. Fara fat, da shuɗin layi a ƙasa. An ɗaga ƙofa, ba mai sunkuyawa kuma. Daga kan hanya kwanon na walƙiya, matafiya na nuna ta da yatsa. Boaz kan tsayar da tifa nesa kaɗan don kawai ya kalla. Aka sa ranar buɗewa Lahadi ta uku a watan Agusta, aka aika takardu, kuma dattawa suka ce shi zai tsaya kusa da babban fasto ya miƙa masa makulli.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Abu na farko da aka lura, in ana ruwa ba a jin wa'azi. Da can ruwa kan sauka a kan ciyawa shiru, muryar Baba Malachi ta kai har ƙofa. Yanzu sai dai a ga bakinsa na motsi. Yakan rufe littafi ya zauna, a jira ruwa ya tsagaita. Inna Dokas ta ce, "Ɗana, ka kawo mana makaɗi kyauta, sai dai bai san lokacin da ake yin shiru ba." Wannan abin dariya ne. Abin da ba a lura da shi ba, ruwan da ke gangarowa daga kwano yana sauka daidai gindin bango, musamman na gabas inda iska ke kaɗo shi.

Ranar Asabar, jajibirin buɗewa, Boaz ya zo da la'asar da gwangwanin fenti don ya gyara inda laka ta fantsama. Ya zaga bayan bangon gabas sai ya ga wata tsaga siririya, ta taso daga ƙasa har ƙugunsa. Ya ƙwanƙwasa wurin. Sai ya ji kamar ya bugi ƙwarya. Ya matsa gaba ya ƙwanƙwasa, haka. Ya bi bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, ko'ina sauti ɗaya. Ya tsuguna ya ɓalle ɗan guntun filasta, ya tura yatsa. Yatsan ya shige gaba ɗaya, ƙasar ciki ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Da ya ja da baya ya karkata kai, ya ga bangon ya yi ciki kaɗan.

Ya san abin da ya gani, ya kuma san wa ya faɗa masa. Amma an riga an yanka awaki, an ɗinka anko, baƙi daga Jos suna kan hanya. Ya ce a ransa bangon da ya kai yau zai kai jibi. A wuce gobe kawai, Litinin ya nemi Malam Dabo a ɓoye. Ya kwaɓa ɗan siminti ya toshe ramin, ya bi tsagar da fenti.

Yana wanke hannu Baba Malachi ya fito daga ciki da tsintsiya.

"Sannu da aiki, ɗana. Har yanzu ba ka gaji ba?"

"'Yan gyare-gyare ne, Baba."

Tsohon ya jingina tsintsiya, ya dubi farin bangon ya daɗe. "Akwai abin da ke damuna. Ranar da ka kawo maganar nan, bakina ya ce to, zuciyata ba ta ce ba. Na yi ta jiran ranar da zai zube don a san mu tsofaffi mun san abin da muke yi. Ga Agusta ta raba, yana tsaye. Wannan ba halin mai bi ba ne. Gobe zan faɗa a gaban jama'a, in nemi gafararka."

"Baba, ba sai ka yi haka ba."

"Sai na yi. A ɓoye na yi, amma Ubangiji ya gani." Ya ɗauki tsintsiyarsa ya koma ciki.

Boaz ya tsaya da jiƙaƙƙen hannu. Can ya ɗauki gwangwanin fentinsa ya nufi gida.

Lahadi aka tashi da ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin mai naci. Duk da haka coci ta cika har ana tsaye a ƙofa. Ga babban fasto da kwat da kwala, ga baƙi daga cocin Yarbawa da ta Ibo, ga 'yan zumuntar mata cikin anko da tulunan kiɗa. Don a ba baƙi wuri, aka kwashe yara duka aka jera su a kan tabarmi a jikin bangon gabas.

Boaz na zaune a gaba, makulli a aljihunsa, sabuwar riga na cizonsa a wuya. Ana waƙa bai ji waƙar ba. Idonsa na kan bangon. Daga ciki ma danshi ya hau ya kai kafaɗar yaran da ke zaune. Wata yarinya ta jingina kanta da shi tana gyangyaɗi. A sama, inda katako ya zauna a kan bango, ya ga 'yar ƙasa ta zubo siririya, ta tsaya, ta sake zubowa.

Ruwa ya ɗan lafa, Baba Malachi ya miƙe da rigarsa ta Lahadi.

"'Yan'uwa, kafin baƙonmu ya yi magana ina da laifin da zan faɗa. Wannan ɗa namu Boaz, da ya kawo shawarar aikin nan, ni ne na..."

"Baba, dakata."

Boaz bai san lokacin da ya tashi ba. Coci ta yi tsit.

"Ba kai ne mai laifi ba. Bangon nan ya ruɓe." Ya nuna gabas. "Jiya na gani. Na sa yatsa ya shige. Na toshe na shafa fenti don kada a sani, don ina so a ba ni makulli a tafa mini. Malam Dabo ya faɗa mini, Oladipo ya faɗa mini, na ƙi ji. Don Allah ku ɗauke yaran nan. Kowa ya fita."

Na ɗan lokaci ba wanda ya motsa. Wani dattijo ya ce, "Kai, wane irin wasa ne wannan a gaban baƙi?" Baba Malachi bai tsaya tambaya ba. Ya taka ya ɗauki yarinyar mai gyangyaɗi ya saɓa a kafaɗa, ya ce, "Kun ji abin da ya ce. A hankali, ba gudu. Iyaye mata, ku fara."

Aka fita cikin ruwa. Mutum kusan ɗari biyu suka taru a gindin mangwaro, anko ya jiƙe, takalma suka nutse a laka, kowa ya zuba wa coci ido. Suka jira. Ruwa ya ƙaru, ya ragu. Coci na tsaye fara fat, ko gezau.

Sai gunaguni ya fara. Wata baƙuwa ta ce tun daga Akwanga ta taso don a tsayar da ita a ruwa. Wani saurayi cikin waɗanda suka fi yi wa Boaz tafi ya ce da ƙarfi, "Direba, ko dai jawabi ka ji tsoro?" Wasu suka ce a koma ciki kawai. Boaz ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, ruwan kwano na zuba a kansa.

"Ku zage ni yadda kuke so. Ba mai shiga."

Babban fasto ya yi gajeruwar addu'a a ƙarƙashin laima, ya ce za a sa wata rana, ya shiga mota. Aka ci abinci a tsaitsaye a zaurukan maƙwabta, har da na Malam Dabo. Ba wanda ya kira Boaz. Inna Dokas ce kawai ta zo da kwano ta dangwara masa a gaba.

"Ci. Ka kunyata mu, amma ci."

Litinin bango bai faɗi ba. A kasuwa labari ya zaga cewa direban tifa ya kori fasto daga coci saboda mafarki. Boaz bai je aiki ba. Da safe ya tafi gidan Malam Dabo, ya tsuguna a zaure ya gaishe shi, ya roƙe shi ya zo ya duba. Malam Dabo ya zo ya ƙwanƙwasa da sandarsa sau uku, ya ce kada kowa ya kusanci wurin, ko don ɗauko kaya.

"Ba za a iya tokare shi ba, Malam?"

"Da watan jiya ne. Yanzu filastarka ce kaɗai ke tsaye, samari. Bangon ya riga ya tafi."

Talata da azahar, rana na haskawa, ba ko gajimare, aka ji wani ƙara kamar an juye tifar duwatsu. Bangon gabas ya zauna, ya ja rufin, rufin ya ja rabin na kudu. Kafin Boaz ya iso mutane sun taru. Inda aka shimfiɗa tabarmin yara, ƙasa ta kai ƙirjin mutum. Mata suka tsaya suna kallon wurin, hannu a baki. Ba wanda ya ƙara maganar mafarki, ba kuma wanda ya ce masa sannu.

Ya sami Baba Malachi zaune a kan saiwar mangwaro. Ya durƙusa a gabansa.

"Baba, na rushe muku coci."

"Tashi, ƙasa a jiƙe take." Tsohon ya matsa masa wuri. "Rabi naka ne, rabi nawa. Na yarda da maganar Dabo tun ranar farko. Na yi shiru don kada a ce tsoho na kishin yaro, na ɗauka wannan shi ne tawali'u. Ashe sunana nake karewa. Ya kamata in zaga bayan bangon nan ko sau ɗaya, ban zaga ba."

"Da na bari sun koma ciki fa? Ai da bai faɗi a kansu ba. Sai yau."

"Ka san haka ranar Lahadi?"

"A'a."

"To." Can ya ce, "Gobe da wuri za mu fara kwashe ƙasa. Kana da shebur?"

"Akwai a mota."

"Ka zo da shi. Kada ka zo da takalmin nan."

Sauran daminar a gindin mangwaro aka yi sujada, in ruwa ya zo a watse. Boaz ne ke zuwa da sassafe ya share wurin ya jera duwatsun zama. Bayan shekara biyu aka gina sabuwa da bulo, kowa ya kawo abin da ya iya, aka buɗe ta ba tare da an gayyaci kowa daga nesa ba. Tana nan har yau, ta fi waccan girma da ƙarfi. Waɗanda suka zauna a tsohuwar dai suna cewa ba su ƙara samun ɗaki mai sanyinta ba.

Da aka gama kwashe ƙasa a makon da bangon ya faɗi, Baba Malachi ya tsaya bayan sujada ya faɗa wa jama'a abin da aka rasa. Bango ɗaya da rabi. Kwano arba'in da biyu, guda tara ne suka miƙu. Dakalai goma sha ɗaya. Tulunan kiɗa uku na zumuntar mata. Littattafan waƙa goma sha shida, da littafin da aka rubuta sunayen duk waɗanda aka yi wa baftisma tun kafuwar cocin, wanda ruwa da laka suka cinye. Tabarmi bakwai. Akuya ɗaya ta Malam Dabo, da ta shiga inuwar bangon. Mutum, ko ɗaya.